Sunan da na laƙaba wa mai esansi

Bari in tona wa kaina asiri, ni bakina ya daɗe yana riga hankalina tashi daga barci.

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu da moto, wato babur, a Birnin Konni, muka shiga gidan kallo da hantsi muka ga wani fim mai ban tsoro. Ni da aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, yarensu ban ji ba, amma labarin na gane. Wani mai ƙonanniyar fuska ne, mutanen garinsu suka ƙyamace shi suka kore shi, ya dawo yana cinna masu wuta ɗaya bayan ɗaya.

A tasharmu kuwa akwai mai sayar da esansi, wato man fetur, a kwalabe, wanda jarka ta taɓa kamawa da wuta ta cinye mishi rabin fuska. Muna fitowa na nuna shi na ce, "Jama'a ku gudu, Dodo ya fito daga talabijin!" Aka kwashe da dariya. Suna ya bi shi. Yara na ganinshi su watse, abokan aikina suka koma shan mai gun wani.

Wata rana da azahar na sauke fasinja a Bazaga, ina dawowa mai ya ƙare. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, ko tsuntsu babu. Ina turin moto sai ga mai esansin a amalanken jaki, jarkoki a bayanshi. Ya sauko ba sallama. Ya cika kwalba yana kallona da idonshi na gefen ƙunar, wanda ba ya rufuwa. A aljihun rigarshi ina hango kwalin ashana.

"Buɗe," ya ce.

"Ɗan uwa, wallahi ni da wasa na..."

"Na ce buɗe tankin."

Sau biyu makulli na suɓuce mini. Warin mai ya cika hancina, ina salati a zuci. Ya zuba, ya rufe da kanshi, ya goge hannu a wuyan jakin.

Yau ga ni da furfura, amma ko ina na ji warin esansi sai maganarshi ta faɗo mini a rai. Da marina ya yi, da tuni na manta.

Don a ranar, sai da ya hau amalanke ya waiwayo ya ce, "Ɗiyata ta daina zuwa lakwal, ɗiyar Dodo suke ce mata. Jiya ta tambaye ni wa ya fara. Me kake so in gaya mata?"