Allon Haruffan da Kare Ya Lasa

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare. Na dawo daga shagon wani Bamale da batira a hannuna, sai na tarar da karen Maman Odil a kwance kan tabarmarmu. Ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan allon haruffan kwamfuta da Baba ya kawo da safiyar nan, yana lasarsa daga wannan gefe zuwa wancan, a natse, kamar mai suɗe kwano. Ɓeran kwamfutar yana yashe a gefe, ya riga ya sha tauna, yawu na zarara a jikinsa. Ban san lokacin da na watsar da batiran na kwarma ihu ba.

Gidan haya muke zaune a unguwar Nzeng-Ayong da ke Libreville, ɗakuna a jere ƙarƙashin rufin kwano, famfo ɗaya a tsakar gida, da tsohuwar bishiyar mangwaro da muke ɗaure robar tsallenmu a jikinta. Mai gidan ita ce Maman Odil, 'yar Gabon ce, mace mai kirki da yawan dariya, ba ta da aibu sai karenta. Wai sunansa Tigir, wato damisa, alhali ko kyanwar kirki ba za ta ji tsoronsa ba. Tsoho ne tukuf, ƙazuwa ta cinye rabin gashinsa, kaska sun yi masa jere a wuya, ƙudaje sun mayar da bakin kunnuwansa gyambo. A kwata yake kwana, a juji yake karin kumallo. In ya gifta muna carafke, sai mu tattare siket ɗinmu mu maƙale a bango har ya wuce. Saboda shi Inna ta kafa wa butarta ƙusa a sama, kuma ba ta taɓa barin kwano a buɗe ko na ƙiftawar ido ba.

Dalilin zuwan allon nan gidanmu kuwa Yaya Mariama ce. Ta gama makarantarta, ta zauna tana taya Inna suyar ƙosan da muke sayarwa da safe a bakin titi, ta kuma kai shekarun da zama ba aiki yake zame wa ɗan baƙo matsala a wajen takardar zama. Baba ya riga ya yanke magana: in ba ta sami abin yi ba kafin ƙarshen damina, za ta tafi Maraɗi wajen Gwaggo. Mu kuwa a Libreville aka haife mu, Maraɗi a waya kawai muka san ta. Katifa ɗaya muke kwana da Yaya, ita ke yi mini kitso, ita ke rufa mini asiri in na fasa kofi. Sai Allah ya kawo wata mata da Baba ke ɗauka a taksinsa, tana da ofishin fitar da kaya a unguwar Glass, ta ce tana neman mai buga takardu, a kawo yarinyar ƙarshen wata ta gwada hannunta. Matsalar ita ce Yaya ba ta taɓa buga rubutu da yatsu goma ba. Abin da muke da shi a gida wata tsohuwar tablet ce mai tsagaggen gilashi, wadda muke kiran 'yan uwa da ita.

Shi ne Baba ya shigo da baƙar leda a hannu, yana ta fara'a. A ciki akwai allon haruffa, wanda mu 'yan makarantar Faransanci muke kira kilabiye, da ɗan ɓeran da ake jan kibiya da shi. Na hannu ne, a bakin hanya ya saye su, araha kuwa ba ta ado. Tun da aka buɗe ledar na ji ƙarnin kifi ya buge ni, da alama mai shi na farko a kansa yake cin abinci. Inna ta juya shi sama da ƙasa, ta leƙa ko'ina, ta ce, "To ina igiya tai? Abin da ba shi da igiya, ta ina za shi jin magana?" Baba ya yi dariya ya ce iska ke haɗa su, ya ba ni kuɗin batir, ya fita aiki. Yaya ta shiga wanka, Inna ta koma kan surfen wake a bayan ɗaki, aka bar kayan a kan tabarma. Ƙarnin nan ne ya yi wa Tigir sallama.

Ihuna ya fito da kowa. Inna ta wurgi karen da muciya, ya tashi a hankali yana lasar baki, ko kunya babu. Kafin wani ya ce uffan, ta sa tsinken itace ta tura ɓeran cikin bokitin ruwan wanki, ya nutse. Ta juyo kan allon ta ce, "Sau bakwai, guda da ƙasa. Haka muka taras." Yaya ta fito da zani a ƙirji ta fashe da kuka tana cewa, "Inna, don girman Allah, ruwa kashe shi za ya yi!" Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, Inna ta buge hannun. "Hannun da ka soya ma mutane ƙosai ba shi taɓa yawun kare. Mutum guda ya gani, mun rasa ciniki." Gaskiya ta faɗa, don masu sayen ƙosanmu 'yan uwanmu Musulmi ne na unguwa, kuma matan gidan duk sun fito suna kallo. Maman Odil ta zo tana ba da haƙuri, ta ce a goge da tsumma kawai ai ba komai ba ne. Inna ta yi mata murmushin da ake yi wa mai gidan haya, ta ci gaba da riƙe bokitinta.

Ina tsaye nesa na toshe hanci, sai na hango wani ɗan baƙin abu a kan tabarma. Harafi ɗaya ne haƙorin karen ya ɓalle, ashe ɗan murfin roba ne kawai, ba komai a cikinsa. Na ce, "Inna, ai suna cirewa. A wanke su daban, a goge gangar jikin." Da na sani da na yi shiru. Duk idanu suka dawo kaina, don ni ce kaɗai hannuna ba ya shiga ƙullun ƙosai. Na dubi allon yana sheƙi da yawu, ƙudaje har sun fara sauka, na dubi Yaya da jajayen idanunta. Inna ta ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, Zainabu, dole shi yi mai aski." Ladana shi ne kada a raba ni da yayata, don haka na nemo ledoji biyu na ɗaure a hannuwana. Yaya ta tsaya can nesa da kwalin sukari da biro, ta zana jerin haruffan yadda suke, don mu san inda za mu mayar da kowanne.

Da bakin tsohon cokali na riƙa ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan na gane cewa Tigir ba shi ne ƙazami na farko da ya taɓa abin nan ba. Abin da ke ƙarƙashin haruffan ya fi yawun muni. Akwai ƙayar kifi, akwai gutsuren burodi da ya yi funfuna, akwai gashi a dunƙule cikin maiƙo, akwai yankakken farcen wani bawan Allah, kauri gare shi, ya yi rawaya. Da na ɓalle dogon maɓallin nan na ƙasa, sai 'yan ƙananan kyankyasai suka fito a guje, ɗaya ya hau kan ledar hannuna. Na ruga bakin kwata na amayar da kokon safe gaba ɗaya. Na kurkure baki, na dawo na durƙusa, ina hawaye ina tsine wa wanda ya sayar wa Baba, da wanda ya ci kifi a kai, da karen, da ranar da aka haifi karen.

Inna ta ba ni wani babban gwangwanin tumatir da ta ce daga yau ya gama aiki a gidanta. Na zuba haruffan a ciki, ta ɗebo yashi daga tarin maginan maƙwabta ta zuba, ta tsaya a kaina tana ƙirga. "Ki sa ƙarfi, ba shafa na ce ki yi ba." Na dirje su iya ƙarfina. Gangar jikin kuwa na bi ta da tsohon buroshin haƙori da tsumma matsattse, Inna ta sa na ɗiga ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayar cuta. Sai da na shanya haruffan a kan wani guntun kwano sannan muka ga ɓarnar da aka yi: yashi ya kankare fentin. Wasu sun koma baƙi wuluk, wasu saura ɗan ɗigo fari. Yaya ta dube su, ta shige ɗaki.

Bayan la'asar na mayar da su, kowanne inda girmansa ya shiga. Inna ta ce wanki ya yi, amma hannun ƙosai ba zai taɓa ba sai Baba ya dawo ya yanke hukunci. Mu kuwa mun san halin Baba. In ya tarar abin ya mutu, ba zai sayi wani ba, cewa zai yi Allah bai nufa ba, a fara haɗa jakar Maraɗi. Dole mu san yana da rai kafin ya shigo. Na sa batira, na danna ɗan maɓallin da ke ƙasa har wata shuɗiyar fitila ta fara ƙifta ido. Yaya ta riƙe tablet ɗin, ta kunna bulutut, muka ƙura ido. Can sai ga sunan allon ya fito. Ta taɓa shi, sai tablet ɗin ta nuna wasu lambobi, ta ce a buga su a kan allon a danna babban maɓalli. Lambobi a jere suke a layin sama, ko babu fenti ana iya ƙirgawa. Na gwada da leda a hannu, ta zame ta danna biyu a haɗe. Na gwada da tsinken tsintsiya, kafin in kai ƙarshe lokacin ya wuce, lambobin suka ɓace. Yaya ta ce a hankali, "Zainabu, don Allah." Na kwance ledar, na ɗauke numfashi, na sa yatsana tsirara. Robar tana da ɗumi, kuma na rantse na ji tana ɗan manne mini. Fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya cak. Na danna wani harafi, ya fito a kan gilashin. Na tashi na yi bakin famfo, na wanke hannu har fatar ta yi fari.

Baba ya dawo ya ji labari, ya shinshina allon, ya ja da baya. Ya ce tunda yana aiki Yaya ta yi amfani da shi, amma da sharaɗin sabulu da lemun tsami kafin ta kusanci ƙullu. Ɓeran da aka tsamo daga bokiti ya yi kwanaki a kan rufi, ina hawa kujera in sauke shi duk lokacin da hadari ya haɗu. Da muka sa masa batir sai jar fitilarsa ta kama, ya haɗu da tablet ɗin ba tare da ya nemi lamba ba, da shatin haƙori biyu a bayansa inda yatsa ke zama.

Warin ne ya ƙi tafiya. Jiƙaƙƙen kare da tsohon kifi da jabel suka haɗu suka zauna a cikin robar nan, in rana ta yi zafi har ɗaki yake cikawa. Yaya ta liƙa kwalin sukarin a bango ta gefen hagu, ta ɗora allon a kan akwati, ta miƙe hannuwa iya tsawonsu. Ba abin da za ta gani a kan haruffan, ga kuma wari, don haka sai ta kawar da fuska gefe, ta ɗaga haɓa, ta yamutsa hanci, tana kallon kwalin tana lalube. Kwanakin farko shirme kawai ke fitowa, tana kuka tana gogewa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina karanta mata littafin makarantata tana bugawa, ban yarda na matso ba. Kafin wata ya ƙare, yatsunta sun daina tambayar kwalin.

Ranar gwaji Baba ya kai ta Glass da kansa. Da suka dawo, shi ne ya ba da labari yana dariya har da tari. Wai sauran 'yan matan duk sun sunkuya suna farautar haruffa da ido, ita kuwa ta zauna ta juya fuska ga taga, hanci a sama, yatsu na tafiya. Matar ta tambaye shi wace makarantar koyon bugu ya kai ta. Ya ce wani tsohon malami ne a cikin gidanmu. Inna ta ce, "Allah shi kyauta," ta tashi ta ƙara gyara zaman butarta a kan ƙusa. Ba a sake ambaton Maraɗi ba.

Yanzu nawa allon fari ne tas, ina buɗe shi yake haɗuwa da komai ba tare da na danna ko'ina ba, amma har gobe ba na cin abinci kusa da shi, kuma ba na taɓa na wani ban wanke hannu ba. An rushe gidan Maman Odil an yi bene, mangwaron ya tafi, Tigir ya daɗe da zama ƙasa. Inna ce a ƙarshe ta koma Maraɗi, a can muka rasa ta. Kwanan baya na biya ofishin Yaya, na tsaya a bakin ƙofa ba ta gan ni ba. Tana buga takarda a kan sabon allo mai tsabta, fuska a kawar gefe, haɓa a sama, hanci a yamutse. Yaran ofis suna ce mata mai girman kai. Ni kaɗai na rage da na san abin da take shaƙa, kuma a ranar, da za a mayar da ni tsakar gidan nan Inna na tsaye a kaina tana ƙirga, da na sake sa hannu.