Ustaza Ummusalama da filashin da ke wuyanta

Kafin manyan motoci su cika kasuwar hatsi ta Gadarif, Ustaza Ummusalama ta riga ta iso rumfarta. Rumfa ma dai a ce, don teburi ne da kujeru biyu a bayan masu sayar da riɗi. Takan goge falen sola da bakin mayafinta, ta jona batir, ta sha shayinta a tsaye, sannan ta zaro wani ɗan filash na kwamfuta da take ratayawa a wuya kamar laya. A cikinsa akwai Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba kayan wani kamfani ba ne, kowa na iya kwafarsa, ya leƙa cikinsa, ya gyara. Ta yi shekaru tana kula da kwamfutocin wata makaranta a Madani, kafin yaƙi ya koro mu tare a ƙarshen 2023.

Mutanenmu ba su yarda da abin wuyan nan nata ba. Abin da suka saba da shi shi ne tsarin babban kamfani, wanda suka gani a kowane ofis. A tsallaken hanya akwai shagon Elfadil, shi yake zuba musu shi, kuma maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: farmata, wato a share komai a zuba sabo. Ƙofarsa ba ta rabuwa da layi. Ita kuwa sai a leƙo a ce, "Ya Ustaza, abin da ake bayarwa haka nan, babu wani abu a ƙarƙashinsa?" Har aka fara raɗe-raɗin cewa na 'yan leƙen asiri ne. Wannan magana ta tayar mini da hankali ƙwarai, don a irin wannan lokaci ƙaramin zargi ma yana iya kai mutum inda ba a dawowa da wuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gaban idona. Maƙwabciyata Hajja Tasalla, wadda aka sauke mu tare a makaranta ɗaya da muka zo gudun hijira, tana da ɗa mai suna Hatim. Ranar da muka fito ya koma gida ɗauko mata maganinta, kuma tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An ƙwace wayarta a hanya. Duk inda ta je cigiya sai a ce ta kawo hoto, ita kuma ba ta da ko ɗaya, sai kwamfutarsa da ta goyo a zane, wadda ta ƙi tashi tun da muka iso.

"Wallahi na fara mance yadda haɓarsa take," ta ce mini wata rana.

Na fara kai ta wurin Elfadil. Bai ɓoye mata ba, ya ce in ya yi farmata na'urar za ta tashi, amma duk abin da ke ciki ya tafi ke nan. Muka tsallaka hanya.

Ummusalama ta kara kunne a jikin kwamfutar, ta ji wani ɗan ƙas-ƙas a ciki. "Hajja, ma'ajiyarta tana gab da mutuwa," ta ce. "Ba zan taɓa komai ba. Zan shiga da nawa ta gefe in kwaso abin da na samu. Ki yi mana addu'a."

Ta soka filash. Allon ya yi baƙi ƙirin, fararen rubutu suka riƙa gudu a kansa. Mutane suka fara taruwa, can sai ga mutum biyu daga masu tsaron kasuwa, da bindigoginsu.

"Da wa kike magana a nan?" in ji babbansu. "Kashe jihazin nan, na'urar nan, ki taso, yalla, maza."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsorata. Ummusalama ma ta tsorata, amma ba ta ɗauke hannunta daga kan teburi ba.

"Ya akhi, in na kashe ba lalle ta sake tashi ba. Fuskar ɗan matar nan ce a ciki. Ka bari in gama, sai mu tafi duk inda ka ce."

Ya miƙa hannu wajen waya zai fizge. Sai ga Elfadil ya baro shagonsa da layinsa ya kutsa cikin taron. "Shabakar intanet ma babu a garin tun jiya, da wa za ta yi magana? Ni abokin hamayyarta ne, kasuwata take ci. Da tana da wata ɓoyayyar harka, ni zan fara kawo muku ita."

Ana cikin haka rubutun ya tsaya. Ta danna, sai ga Hatim a bakin kogi, yana dariya, ya ɗaga wani kifi da bai kai a yi masa hoto ba. Hajja Tasalla ta ɗora yatsa a kan haɓarsa. Mai bindigar ya kawar da kai, ya ce "Ma'alesh" a hankali, wato a yi haƙuri, suka wuce. Ummusalama ta yi maza ta kwafe hoton cikin filash. Jim kaɗan kwamfutar ta mutu, kuma ba ta sake tashi ba har yau.

Hoton nan yanzu yana manne a tashar mota, yana garin Hawata, leburori sun tafi da shi gonakin yankin Simsim. Ba a ga Hatim ba tukuna, kuma kullum ina jin tsoron labarin da zai zo. Ga wani tsoron kuma: idon Ummusalama ya yi rauni, sai ta manna hanci da allo take karatu, likita ya ce ta bari. Ta ce da an gama yankan riɗi za ta naɗe teburinta. Mata irin Hajja Tasalla suna da yawa a garin nan, da kwamfutoci a ƙarƙashin katifa, ban san wa zai tarbe su ba.

Ustaza, ke ce wadda aka yi wa kallon 'yar leƙen asiri, kika ci gaba da buɗe rumfa. Ke ce kika ji tsoro kamar kowa a ranar, amma kika ƙi ɗauke hannu. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ƙara wa idonki haske.

Ku kuma masu gyara, ku je ku zauna a kujerarta ta biyu tun tana nan. Elfadil ya riga ku, kwafin filashinta yana rataye a ƙusa a shagonsa, ko da yake bai bar farmatarsa ba. Jiya na ji wata mata ta shiga da kwamfuta a naɗe cikin zane ta ce ya share mata. Kafin ya karɓa sai da ya tambaye ta, "Hajja, akwai fuskar wani a ciki?"