Sharar da Maitama Ya Karɓa a Hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Rajab na bana, Allah Ya karɓi ran taubashina Malam Maitama, ɗan gwaggona, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a gidansa da ke Ƙauran Namoda, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar.

Ni ne Mainasara mai hatsi. Duk wanda ya san kasuwar Shinkafi ya san ni. Daga Badarawa na fito da riga ɗaya. Na yi dakon buhuna, na yi awo, na kama rumfa, na gina gidana, na aurar da ƙannena, na je Makka da gumina ba da kujerar kowa ba. Sakandare kawai na yi, ita ma da ƙyar. A duk wannan tafiya ban taɓa tsayawa ƙofar wani na ce a taimake ni ba. Na faɗi haka ne don mai karatu ya gane girman abin da Maitama ya yi, domin shi kaɗai ne ya taɓa taimakona, kuma ya yi shi ta hanyar da ban iya cewa a'a ba.

Maitama, kai ne ka fara sanin abin da ke zuciyar ɗana Abdulbasit. Yaron ya ga wata rawa a waya, rawar bale, wadda ake miƙe jiki a juya a kan yatsun ƙafa kamar babu nauyi. Ya riƙa koyonta shi kaɗai a ɗakin ajiyar buhuna. Da ya gama sakandare ya ce ita zai karanta. Na yi faɗa, na ce ɗan Mainasara ba zai zama abin nuni a kasuwa ba. Da na ga ba ya fasa salla, ba ya yawo, sai ramewa yake yi, na sa aka bincika mini a ɓoye. Makarantun da aka ambata suna Ikko ko ƙasar waje, kuɗinsu kuwa ko na sayar da rumfa da gida ba zan kai shi ƙarshe ba, balle yanzu da rashin tsaro ya kashe rabin kasuwa. Na rufe maganar. Ban gaya wa kowa cewa gazawa na yi ba, sai na ce hanawa na yi.

Sai watan Cika-ciki ya kama. Kamar yadda muka saba tun muna yara, ka zo karɓar kuɗin shara, haƙƙin da ɗan mace ke da shi a kan taubashinsa ɗan namiji. Ka zauna kan buhun dawa kana tsokanata a gaban yarana.

Na ce, "Bawana, ga sharar taka, ka tashi ka ba masu saye wuri."

Ka ture hannuna, ka ce, "Ubangijin tsiya, bana ba ni son canjinka. Wanga yaro mai tsayuwa bisa yatsu, shi za ka ba ni. Ko kuwa a ji a kasuwa Mainasara ya kasa biyan shara?"

Aka yi dariya. Ka san ni sarai. Da cewa ka yi za ka taimake ni, da na kore ka. Sai ka zo a matsayin mai karɓa, ka bar ni a matsayin mai bayarwa. Na ce ka ɗauka.

Daga nan ka shiga nema. Kai da ka yi shekaru a layin dogo, kowace tasha kana da tsohon abokin aiki. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wani ta waya, wani ka hau mota da ciwon ƙafarka, a hanyar da matasa ma ke tsoro. Har ka gano wata kwalejin gwamnati can kudu da mu, inda sashen wasan kwaikwayo ke da wata malama da ta koyo bale a waje, tana koyar da ita cikin darasin rawa. Kuɗinta bai wuce na sauran kwalejoji ba. Wani tsohon mai ba jirgi hannu ya ba yaron ɗaki a gidansa saboda kai. Da ka dawo ka ce mini, "Na samo wadda aljihunka ka iya ɗauka. Kai za ka biya, ni ba ni ciyar da ɗiyan masu kuɗi." Kuma ni nake biya har yau. Da masu surutu suka taso, kai ka tare su, ka ce yaron naka ne, mai magana ya same ka.

Ranar addu'ar uku Abdulbasit ya iso. Ya durƙusa gabana yana kuka, ya ce, "Baba, ba zan koma ba. Wanda ya tsaya mini ya tafi, kada a dawo kanka da magana." Na ce masa, "Tashi. Abin da aka ba taubashi ba a karɓe shi don ya mutu. Kai sharar Maitama ce." Bayan addu'ar bakwai ni da kaina na raka shi tasha, na riƙe masa jaka, kowa yana gani.

Allah Ya jiƙanka, Maitama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Kubura, da 'ya'yanka Faruku da Rahama, da tsofaffin abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙuri.

Abu ɗaya nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Ranar da yaron nan zai gama, duk inda za a rubuta wanda ya kai shi, a rubuta Malam Maitama na Ƙauran Namoda, da cikakken sunansa, a sama. Nawa ya biyo baya. Ban taɓa yarda sunana ya zo ƙarƙashin na kowa ba, amma a nan ni na ce a yi haka.