Dutse Mai Ƙyalli a Kan Keken Ɗinkina

Matso kusa, ɗana, ka ji abin da ya kai tela gidan yari.

Ni mutumin zaure ne. Shekara da shekaru ina ɗinki a Tudun Wada, ban iya yawo ba, sai surutu. Mutane kan ce, "Tela ai ba ya zuwa ko'ina." Wannan yardar ce jarina, ita kuma na cinye.

Wata rana wani Alhaji ya kawo ɗinkin shadda, ya ɗora mini dutse mai ƙyalli a kan keke. Wai kamfaninsu na binciken ma'adinai yana sayar da hannun jari da takardar lamuni. Na ce bokona bai kai nan ba. Ya ce, "Hannun jari, riba da asara tare. Lamuni kuwa, kai ka ranta wa kamfani, ya biya ka da ƙari. Kawo mutane, ka ci la'ada."

Na fara da mutum biyu, la'ada ta yi daɗi. Ran da na tarar da Alhaji yana buga takardun da kansa a shagon kwamfuta, na gane ba kamfani, ba ramin haƙar ma'adinai. Duk da haka na ci gaba da kawo mutane. Ranar na zama ɓarawo.

Takarda iri ɗaya ce, bakina ne biyu. A Tudun Wada in ce hannun jari ne, ba kuɗin ruwa. A Sabon Tasha in ce lamuni ne, ƙari duk wata. Mama Rifkatu mai markaɗe a Sabon Tasha, wadda nake ɗinka wa kayan coci, har injinta ta sayar.

"Tela, ka tabbata?"

"Mama, in na cuce ki, uwata na cuta."

A cikin Keke Napep asiri ya tonu. Mama ta zauna kusa da maƙwabciyata Hajiya Asabe, hira ta kawo hira, kowacce ta zaro takardarta. Lamba ɗaya! Alhaji ya yi layar zana. Ni da ba na zuwa ko'ina, a zaure aka same ni.

Da na fito daga gidan yari, gidan Mama na fara zuwa. Dutsen nan da na ba ta shaida, shi ta tokare ƙofa da shi.

"Ah, ga mai ma'adinai!" in ji ta. Na durƙusa ina kuka. Ta ce, "Tashi, hawaye ba ya markaɗa tattasai. Kekenka na nan?"

Ita ta kawo mini ɗinkin ankon matan cocinsu, ladan ɗinkin kuwa ya tafi wajen saya mata wani injin. Asabar da ta wuce injin ya tashi, Hajiya Asabe ce ta fara kawo wake.

Ɗana, akwai kamfanonin gaskiya, amma kafin ka sa kuɗi ko ka sa baki, je hukuma ka ga rajistarsu da idonka. In aka ajiye maka dutse mai ƙyalli gobe, aka ce kawo mutane, fuskar wa za ka fara sayarwa?