Mai Aron Ƙafa

Shekarar da kurkunu ya kwantar da ni da yayana Tanko, ita ce shekarar da na fi shan tatsuniya. Ba don jin daɗi aka yi mana ita ba.

Gidanmu yana cikin gonaki ne a ƙasar Makoda, tun Nasara bai zo ba. Gida nan, gida can, dawa ce kawai a tsakani. Ba mu da ganuwa. Garin da ke da ita yana kudu da mu, tafiyar hantsi ga mai lafiya. In an gama girbi ƙasa ta bushe, mahara sukan sauko daga arewa a kan dawaki. Hatsi suke nema, da mutane. Kowa ya san abin yi in aka buga kuge: maza su ɗauki baka su tare hanya, mata su goya jarirai su ɗauki abin da kai zai iya, sauran kowa ya dogara da ƙafarsa. Jakinmu ɗaya ne, tsoho, mutum ɗaya yake iya ɗauka. Na Kaka ne, uwar babanmu, wadda gwiwoyinta suka ƙi ta, ta yi shekaru ba ta wuce bakin ƙofar ɗakinta ba.

Kurkunun ya kama mu da farkon damina. Nawa a idon sawu ya fito, aka riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan har ya fita duka. Na Tanko a gwiwa ya fito, ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura kamar tulu, sai da maƙeri ya yi masa sakiya da jan ƙarfe. Mun kwanta tun shuka har dawa ta fid da kai. Da ciwon ya tafi, sai muka ga ashe ya tafi da naman. Cinyata ta koma kamar muciya. In na miƙe, ƙasa ta jawo ni.

A ɗakin Kaka aka ajiye mu. Wata rana da yamma Baba ya dawo daga gona, ya leƙo, ya dube mu mu uku a zaune. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Iya, ku uku. Jaki ɗaya."

Kaka ta ce, "Je ka yi girbinka. Mazajena ne, ni zan tashe su."

Ba a barinmu mu fita tsakar gida. An ce in Doguwa, iskar da ke zaune a tsamiyar bayan gidanmu, ta ga yaro yana rarrafe, sai ta ƙarasa shanye ƙafar. Don haka duk abin da za a yi, a ɗakin nan za a yi shi. Ɗakin kuwa in ka miƙe a kwance, kanka na bango ƙafarka na murhu. Akwai gadon ƙasa, da wani tsohon turmi, da dirka ɗaya da aka tokare jinka da ita, da ragaya a rataye da ƙwarya a ciki. Shi ke nan.

Har yanzu ina jin ƙanshin wurin: hayaƙin kara, daddawa, da man shanun da take shafa mana a ƙafa. In an ci tuwo, rana ta faɗi, sai ta tura kara a wuta, ta sa a saki tufaniyar ƙofa. Wutar ta haska mata rabin fuska. A waje sai kukan kwaɗi da muryar mata suna kiran awaki.

Ta ce, "Ga ta nan tsaye a bakin ƙofa."

Muka ce, "Ta shigo mu ji ta."

"Ba ta shiga inda ake zaune. Ku tashi."

Dokarta ke nan. Bakinta na tafiya muddin ƙafarmu na aiki. In muka zauna, sai ta yi shiru. Da farko kife mana turmin ta yi. Mutum ya zauna a kai, ya riƙe dirka, ya miƙe, ya koma, ya miƙe. Ni in yi, Tanko ya karɓa. Gumi na zuba, cinya na rawa, ita tana labari.

Ta ce a wani gari ba a hana maƙwabci aron abin da ke ajiye. Fartanya, tsani, akushi, in dai ba ka aiki da shi, aka roƙa, sai ka bayar. Rannan da almuru sai ga wata doguwar mace, kanta na shafar jinka, zaninta na jan ƙasa, ba a ganin abin da take takawa da shi. Ta tsaya a ƙofar wani gida ta ce, "Gafaranku dai masu gida. A ara mini ƙafa in je rijiya." Mai gidan yana zaune ya miƙe ƙafafunsa a tabarma, ba abin da yake yi da su. Ya rasa bakin hanawa. Da safe ta mayar masa, sun zama kamar karan dawa, ba komai a ciki. Haka ta bi gida-gida, har garin ya koma kowa da jan gindi yake zuwa gona.

Saura wata yarinya, Delu. Ran da matar ta yi sallama a ƙofarsu, Delu tana riƙe da ƙwaryar wake. Sai ta sake ta, waken ya watse a ɗaki. Ta ce, "Ayya Baba, da na ba ki, amma kin tarar ina aiki da su." Matar ta ce, "Zan jira." Delu ta tsuguna ta ɗauki ƙwara ɗaya, ta miƙe ta jefa a ƙwaryar da ke kan ragaya. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya, ta miƙe. Matar ta ce, "Ɗebi da hannu biyu mana, 'yar nan." Delu ta ce, "Uwata ta ce ɗai-ɗai, kada in haɗa da tsakuwa."

A nan Kaka ta miƙa hannu bayanta, ta ɗauko waken gaske, ta watsa mana a ƙasa.

"To, ga shi. Ku taya Delu."

Abin da muka yi ke nan kullum har aka yanke dawa. Tsuguno, ƙwara ɗaya, miƙewa, ɗage da yatsun ƙafa, don ta sa an ɗaure ragayar sama yadda sai da ɗage hannu zai kai. Tatsuniyar ba ta gaba sai da waken. In na gaji na zube, sai ta rufe baki ta juya ta dubi ƙofa. Mu ma sai mu duba. Akwai 'yar tazara tsakanin tufaniyar da ƙasa, hasken wuta na fita ta nan. Na rantse na sha ganin bakin zani a wurin, ba ƙafa a ƙarƙashinsa. Wataƙila inuwa ce. Amma ba a sake ce mini in tashi.

Ba kullum tsoro ba ne. Wata rana dariya muke yi har uwarmu ta yi mana tsawa daga waje.

"Dubi mijin da aka ba ni," in ji Kaka, tana nuna ni da kara. "Ƙafa kamar ta fara. Wannan ne zai yi mini noma? Na fasa auren."

"Ke ma ai ba kya tashi, tsohuwa."

"Ni na gama nawa tashin tun uwarka ba ta san hanyar gidan nan ba. Tsuguna sosai. Wannan ba tsuguno ba ne, gaisuwar mai girman kai ce."

Da muka iya tashi daga turmi, ta sa aka kawar da shi, muka koma 'yar kujerarta, daga nan sai daga ƙasa. Ta sa mu jingina baya da bango mu lanƙwasa gwiwa kamar mai zama a kujerar da babu, mu tsaya haka har karan da ta sa a wuta ya cinye. Ta sa mu hau gefen gadon ƙasa da ƙafa ɗaya mu sauko. Daga baya ta ɗora mini ɗan dutsen niƙa a ƙirji, in rungume shi ina tsuguno. Ran da na fara yin haka ba tare da na riƙe dirka ba, ta taɓa cinyata, ta matsa, ta ce, "Nama ya fara dawowa gida."

Tanko ya fi ni ƙoƙari. Wannan gaskiya ce. In na yi barci ina jin shi yana nishi yana yi shi kaɗai. Ƙafarsa ta hagu ta yi ƙarfi har ta fi tawa. Amma ta daman, wadda kurkunun ya tsinke a ciki, gwiwar ta ƙage a lanƙwashe. Kaka ta gasa ta da tsumma, ta shafa mai, ta sa ya ja. Ba ta miƙe ba. Yana iya zagaya ɗakin da tsalle. Ba wanda ke zuwa ganuwa da tsalle.

Shi ne ya matsa mata a kan ƙarshen tatsuniyar.

"Kaka, waken Delu ba ya ƙarewa ne?"

"Yana ƙarewa. In ya rage kaɗan sai ta ture ƙwaryar da kanta, ya sake zubewa."

"Har yaushe?"

"Har zakara ya yi cara. Matar ta juya, ta ce, 'Zan dawo. Ban taɓa ganin wanda bai zauna ba.' Kullum tana zuwa, kullum Delu na aiki. Ƙafafun Delu suka zama kamar taɓare. Ita ke ɗebo wa garin ruwa, ita ke goya marasa ƙafa."

"Ƙarshe fa?"

"Ƙarshe ta tsufa."

"Sai me?"

"Sai ta zauna mana, wawa." Ta ɗan bugi gwiwarta da tafin hannu. "Nan tatsuniyar ta tsaya. Kan ɓera ya faɗa toka, wanda ya tono nasa ne."

Ba mu yi dariya ba. Ita ma ba ta yi ba.

Kugen da hantsi aka buga shi, ana tsakiyar sussuka. Na ji shi daga gidajen arewa, sannan na kusa suka karɓa. Uwarmu ta goya ƙanwarmu, ta ɗora buhun gero a kai. Baba ya shigo da bakansa a kafaɗa, ya sunkuci Kaka ya fito da ita inda jakin yake.

Ta ce, "Sauke ni."

"Iya, ba lokaci."

"Sauke ni na ce. Ɗora mini mijina Tanko. Mace ba ta hawa mijinta na ƙasa."

"Ba a yin haka, Iya. Jakin naki ne."

"To nawa ne, na ara masa. Wa ya haife ka da za ka tsaya kana yi mini musu? Me za su yi da ni? Ba na daka, ba na haihuwa. Shi kuwa ko da ƙafa ɗaya sai su ɗaure shi."

Tanko yana kuka yana cewa shi zai yi tsalle. Ta ce ya rufe mata baki. Baba ya mayar da ita bakin ƙofarta ya zaunar. Bai dube ta ba. Ya ɗaga Tanko ya ɗora, ya miƙa mini igiyar.

Ta ce da ni, "Kai ƙarami. Kada ka zauna sai bayanka ya taɓa ganuwa."

Ban zauna ba. Tsohon gyambon ya buɗe a hanya, jini ya cika mini tafin ƙafa. Na ga manya sun zube a gefen hanya suna haki. Na wuce su ina jan jaki. Da muka shiga ƙofar garin, sai da wata mata ta danna kafaɗata kafin gwiwata ta yarda ta lanƙwashe.

Da aka ce maharan sun tafi, muka koma. An ƙone gidaje a arewa da mu. Namu rumbunan kawai aka kwashe. Ɗakin Kaka na nan tsaye, ba abin da aka taɓa. Ba ta ciki. Sandarta ma ba ta nan. Daga bakin ƙofa akwai sawunta a ƙasa, ƙanana, kusa-kusa, ita kaɗai, ba alamar an ja ta. Sawun ya zagaya bayan gida, ya wuce tsamiya, ya shiga gona, ya yi arewa. Matar da ta yi shekaru ba ta taka tsakar gida ba. Baba ya bi shi har inda kofaton dawaki ya tattake komai. Ba gawa, ba zani, ba sanda.

Kowa da abin da ya ce. Uwarmu ta ce ta fita ne ta tare su, ta nuna musu wata hanya, don mu ƙara nisa. Tsofaffin unguwa suka ce Doguwa ce ta mayar mata da abin da ta ara.

Tanko ya rayu da ɗingishinsa, ya yi dukanci a zaune, ya bar 'ya'ya da jikoki. Ni na bi fatake, na yi dako. Na ɗauki goro a kai daga Gwanja. Na ga yunwa, na ga yaƙi, na binne abokan tafiya da suka fi ni girman jiki. Duk inda aka ce a gudu, na fita. Ƙafa ce ta fid da ni.

Ina yaro na ɗauka Kaka tana koya mana yadda za mu tsere wa mai aron ƙafa ne. Sai da na yi furfura na gane. Tun ran da Baba ya leƙo ɗakin nan ta san wanda zai tsaya. Duk waken nan da muka tsince, koya mana take yi yadda za mu tafi mu bar ta. Ni na koya. Tanko bai iya ba, ta cika masa da jaki.

Na taka ƙasa da yawa bayan nan. Har yau in hanya ta yi arewa, kaina a sunkuye yake, ina duba sawu.