Furera Mai Madubi

A Tudun Wada idan ka ce Furera Labaran sai an tsaya tunani. Amma ka ce Furera Mai Madubi, ko mai sayar da ƙosai za ta nuna maka ƙaramin asibitin da take aiki a ɗakin gwajinsa.

A Tiga aka haife ta. Mahaifinta Malam Labaran masunci ne, ita kuwa tun tana ƙarama ta fi kowa tambaya a gidan. Tana aji huɗu na sakandare wata malamar kimiyya, Malama Mubaraka, ta shigo aji rungume da akwatin katako. Ta fito da wata na'ura mai dogon wuya ta ajiye bakin taga.

"Turawa na kiransa maikiroskof," in ji Malama. "Mutanenmu na cewa madubin likita. Wannan ba ya buƙatar lantarki. Ɗan madubin da ke ƙasa shi ke ɗauko hasken rana ya haska abin da za a duba."

Aka ɗora siririn ɓawon albasa a kan ɗan gilashi, 'yan mata suka yi layi. Da Furera ta leƙa sai ta ga ɗakuna jere kamar an yi gini da bulo. Aka yi ta taɓa ta a baya ta ƙi matsawa. Washegari ta zo da ruwan bakin dam ɗin Tiga a kwalbar magani, ta roƙi Malama a duba. A cikin ɗigo ɗaya ta ga wasu abubuwa suna ta zirga-zirga, wani na juyi kamar mai rawa. Ta saki ihu har malamin ajin maƙwabta ya leƙo. Daga ranar ta ce ita aikin nan za ta yi, mahaifinta kuma bai hana ta ba.

A makarantar koyon aikin lafiya a Kano ta haɗu da madubi mai fitila, mai wurin sa ido biyu. A nan ta koyi shafa jini a gilashi, a rina shi, a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin ƙwayoyin jini. Ta sha wahala da farko, don duk datti sai ta ɗauka ƙwayar cuta ce. Ranar da ta gano ta farko da kanta, ɗan zobe mai ɗigo ja a gefe, malaminta ya leƙa ya ce, "Ita ce." Ta fita ta saya wa ƙawayenta awara.

Wurin aikinta na farko wani ɗan asibiti ne a wajen Ba'awa, inda wuta ba ta cika zuwa ba. Sai ta koma ga irin madubin nan mai aiki da rana, ta jawo teburinta bakin taga. Yara masu fitsarin jini suna yawan zuwa lokacin noman rani. Takan nuna wa iyaye ƙwan tsargiya da idonsu, mai ɗan tsini a ƙarshensa, kafin likita ya rubuta magani. Wanda ya gani ba ya sake barin ɗansa ya yi wanka a kududdufi.

A nan Kamilu ya same ta. Malamin gona ne, ya zo gwajin zazzaɓi, yana jira ya ciro wata tsutsa daga aljihu a nannaɗe cikin ganyen masara.

"Malama, ko za ki duba min wannan?"

Ta ɗora ta, ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu. "Tsutsarka ta yi kauri," ta ce. "Nawa sai abin da haske zai ratsa."

"To ni ina da wanda zai gan ta."

Ta ɗauka cika baki ne. Sai ga shi ranar kasuwa ya ɗauko nasa a bayan babur. Gajere ne mai faɗin gindi, haskensa daga sama yake sauka, ba ya ƙara girma sosai amma yana nuna abu da tudu da kwarinsa. Furera ta ga kan tsutsar, ta ga bakin yana motsi, ta ja da baya tana salati. Kamilu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Bayan haka ya dinga kawo mata ƙwari: yau gunda, gobe ƙwaron wake, jibi fiffiken fara. Ungozomar asibitin ta ce ita dai ba ta taɓa ganin saurayin da ke zuwa zance da tsutsa ba. Bayan girbi aka ɗaura aure.

Da aka mayar da Kamilu aiki yankin Tudun Wada da Doguwa, ta bi shi. Asibitin da ta samu yana da sola, yana kuma da wani madubi na gwajin tarin fuka. Idan aka rina kaki da ruwa na musamman aka haska shi, ƙwayoyin cutar sai su yi ƙyalli kore-kore a cikin duhu. Furera na cewa wannan ya rage mata ciwon ido, kuma masu tari sun daina doguwar tafiya neman gwaji.

Wata damina wani dattijon makiyayi, Baffa Hamma, ya zo daga rugarsu ta wajen Doguwa. Shi lafiyarsa ƙalau, shanunsa ne ke ramewa alhali ga ciyawa ko'ina. Likitan dabbobin da ya duba su yana zargin cutar sammore ce, amma ba shi da madubi a hannu. Suka zo tare da jinin da aka ɗiba daga kunnen saniya, matar Baffa, Inna Habiba, na biye da su.

Furera ta bari ta sallami marasa lafiya, sannan ta ɗiga jinin a gilashi. Ba ta daɗe ba ta gan su, sirara kamar 'yan tarwaɗa, suna wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini. Likitan ya leƙa ya gyaɗa kai.

"Baffa, zo ka ga ɓarayin shanunka," in ji ta.

Baffa ya runtse ido, ya buɗe, ya ce shi hazo kawai yake gani. Sai ta kafa kyamarar wayarta a bakin madubin, hoton ya fito a fuskar wayar. Inna Habiba ce ta fara gani. Ta dafe ƙirji.

"Wai duk wannan a cikin jinin saniyata? 'Yar nan, da me suka shiga?"

"Ƙudan tsando ne ke cizon ta ya zuba su, Inna. Amma akwai allura."

Aka yi wa garken allura, Baffa ya janye shi daga bakin kurmi. Kafin kaka shanun sun murmure.

Wata safiya Furera na jera gilasai sai ga Inna Habiba da ƙwaryar kindirmo a ka da ɗan kwanon man shanu. Ba ita kaɗai ba ce, ta taho da matan rugar, kowace da goyo ko da jika.

"Na ba su labari sun ce ƙarya nake," ta ce. "Ki nuna musu."

"Ai babu jinin saniya yau, Inna."

"To ki sa nonon."

Furera ta ɗiga kindirmon, ta sirka da ruwa, ta kafa waya. Matan suka yi cincirindo suna kallon 'yan dunƙulen mai suna yawo. Ta nuna musu wasu 'yan sanduna ƙanana ta ce su ne ke sa nono ya yi tsami, su ba cuta ba ne, ma'aikata ne. Wata tsohuwa ta ce ashe shekara da shekaru tana da 'yan aiki a ƙwarya ba ta sani ba. Ɗakin ya kaure da dariya har likitan asibitin ya fito daga ofishinsa. Shi ma aka miƙa masa ludayin kindirmo.