Shekaru tara da sunan yayana

Saura shekara biyu in yi ritaya aka kira mu biro, wato ofishinmu, a Tanut. Kamfanin haƙar rijiyoyin da nake wa aiki yana da asusun fansho biyu, na leburori da na ma'aikatan dindindin. Aka ce za a rufe na leburori, duk mai ajiya a ciki ya maido ta sabon kafin ƙarshen damina. Wanda shekarun aikinsa suka cika ashirin zai riƙa karɓar fansho duk wata. Ni ina da tara a tsohon, goma sha huɗu a sabon. In ba a haɗa su ba, sai dai a ba ni ɗan abin sallama in koma ƙauyenmu Falanko.

Matsalar ita ce, taran nan ba da sunana na yi su ba. Lokacin da na nemi aikin ba ni da takardar haihuwa. Yayana yana da ita, don ya taɓa zama ɗan boko kafin a ciro shi ya koma gona. Ya miƙo mini ita daga cikin adakarsa, ya ce, "Tafi ka ci abinci da ita, ni gero ba ya tambayata takarda." Da sunansa na shiga ramuka tun daga Tarka har Ollelewa. Da aka mai da ni na dindindin na samu tawa takardar, shugabanmu na lokacin ya ce ba komai. Shi ya rasu, yayan nawa ma ya rasu.

Na zayyana wa mai kula da asusun komai. Yaro ne sa'an ɗana, mai ladabi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don na so in samu wanda zan yi wa faɗa.

"Baba," ya ce, "wallahi na yarda da kai. Amma a takarda mutum biyu ne. In na rubuta abin da ka faɗa, laifi na rubuta maka, kana iya rasa har na sabon."

Na nuna masa yatsana da igiyar guga ta karya a Tarka. Ya duba, ya sunkuyar da kai. Ya ce hanya ɗaya ce: in kawo takardar mutuwar mai sunan, a ba magadansa ajiyar. Shekarun kuwa sun tafi.

Kwana goma ina jin haushin mamaci, ina kuma jin kunyar haushin. Har yau ban san wanne ya fi cin raina ba. Daga baya na je na yanko takardar, na kai da hannuna.

Bayan kaka na kai wa matar yayana kuɗin a Falanko. Tana tankaɗe, ta goge hannu a zane ta karɓa. Na yi niyyar in gaya mata gaskiya, sai na ga rufin ɗakinta ya zube gefe guda.

"Ashe ya yi aikin kamfani ban sani ba?" ta ce. Ta fashe da kuka. "Allah ya jiƙan malam, ko a kabari bai manta da mu ba."

Na ce amin.